Masu Neman Bille a Fuskar Dala

A kowace kasuwa, aibi rage kuɗi yake yi. Tukunya mai tsaga, ƙwarya mai ɗinki, akuya mai ɗingishi, duk sai mai saye ya nuna wurin da yatsa ya ce a sassauta masa. Amma akwai wata kasuwa a Amurka da lamarin ya juye: mai sayarwa ne ke nuna tsagar da yatsa, yana murmushi, sannan ya ninka kuɗin. Kasuwar masu tara tsofaffin kwandalolin azurfa ce, kuma ba dukansu ba, wani reshe ne daga cikinsu da bai damu da kyan kwandala ko ƙyallinta ba. Su abin da suke bi shi ne inda hannun maƙeri ya goce, ko inda ƙarfen bugu ya gaji ya dare.

Sai an san yadda ake buga kwandala kafin a gane inda suka dosa. Ana sassaƙa hoto da rubutu a kan guntun ƙarfe mai tauri, a juye kuma a lotse, kamar hatimin alƙali. Hatimi biyu ne, na fuska da na baya. A sa faifan azurfa a tsakaninsu, inji ya matse da nauyin da ya haura tan 100, azurfar ta cika kowane lungu na sassaƙar. Hatimi guda kan buga dubun dubatar kwandaloli, kuma ƙarfe ma yana gajiya. Ran da ya tsage, azurfa ta kutsa cikin tsagar, sai kwandala ta fito da siririn layi a tashe, kamar jijiya a bayan hannun tsoho. Duk wadda aka buga bayanta za ta fito da layin nan a wuri guda, yana ƙara tsawo da kauri, har ranar da ma'aikaci ya ankara ya cire hatimin ya jefar. Da wani zai ce wa ma'aikacin nan bayan shekara 130 mutane za su riƙa rige-rigen sayen abin da ya ɓaci a hannunsa, da ya ce a ɗaure mai maganar a turu.

Fagen da mafi yawansu ke baje kolinsu shi ne dalar Morgan, wadda aka buga daga 1878 zuwa 1904, aka sake bugawa a 1921. Sunan wanda ya zana ta ne, George T. Morgan, ɗan Ingila da aiki ya kai Filadelfiya. Nauyinta giram 26.73, kashi 90 cikin 100 azurfa, sauran jan ƙarfe. A fuska kan mace, a baya gaggafa ta buɗe fukafukai. Ba don jama'a sun roƙa aka yi ta ba. Masu haƙar azurfa na yammacin ƙasar ne suka matsa wa majalisa lamba, aka yi doka a 1878 da ta tilasta wa gwamnati sayen azurfar dala miliyan 2 zuwa 4 kowane wata ta mayar da ita kuɗi. Mutanen birane kuwa sun fi son takarda, don ba ta yaga aljihu. Sai aka riƙa ɗura dalolin a buhuna, dubu-dubu, ana jibgewa a rumbunan gwamnati. An buga fiye da miliyan 650, an narkar da sama da miliyan 270 bayan wata doka ta 1918, amma abin da ya saura ya ishi duk wani mai bin ƙwaƙƙwafi ya sami abin dubawa har ƙarshen ransa.

Wanda aka fi saurin shaidawa a cikinsu shi ne mai ƙirga gashin wutsiya. Za a tarar da shi ya duƙa a kan teburin dillali, ya manna ɗan gilashin ƙara girma a ido ɗaya ya runtse ɗayan, leɓensa na motsi kamar mai lissafin bashi. Gashin wutsiyar gaggafa yake ƙirgawa. Dalolin farko na 1878 sun fito da gashi takwas. Cikin 'yan makonni aka sauya zanen zuwa gashi bakwai, kuma da yake ba a son asarar hatiman da aka riga aka ƙera, sai aka danna sabon zanen a kan wasu daga cikin tsofaffin. Aka sami iri na uku: gashi bakwai a sama, bakunan tsofaffin gashin suna leƙowa ta ƙasa, kamar wanda ya ɗora gajeriyar riga a kan doguwa. Mutumin nan ya san hatimin da gashi uku ke leƙowa, da mai huɗu, da mai biyar, kuma zai iya raba dare yana musu a kai. In aka gaya masa gaggafar gaske, mai farin kai, wadda ke shawagi a sararin Amurka, gashin wutsiyarta 12 ne, sai ya taɓe baki. Wannan ba ta cikin kundi.

Kundin kuwa shi ne abincin wani daban, mahaddacin lamba. A 1971 wasu mutum biyu, Leroy Van Allen da George Mallis, suka haɗa kai suka fitar da littafin da ya bi dalolin shekara-shekara, gari-gari, hatimi-hatimi, kowane iri da lambarsa. Daga haruffan sunayensu aka sami kalmar VAM, kuma a yau lambobin sun kai dubbai. A wajen mahaddaci babu wani abu wai shi dalar 1888. Sai an faɗi garin bugu, an faɗi lamba, in da harafi a bayan lambar a faɗa. Gaisuwarsa ma lamba ce. In ya haɗu da ɗan'uwansa a bakin ƙofar zauren baje koli, za su yi rabin sa'a suna jefa wa juna alƙaluma kamar maroƙan fada suna jero asalin sarakuna, wanda ke gefe bai tsinci komai ba. Shekaru da dama, duk wanda ya ga abin da yake zaton babu a kundi yakan aika wa Van Allen ta gidan waya. In ya duba ya tabbatar, sai ya yanka sabuwar lamba ya maido da takarda. Mahaddacin da ya taɓa samun irin wannan takarda, to a bangon falo take, cikin gilashi, sama da takardar shaidar karatunsa.

Da lambobin suka fi ƙarfin talaka, sai Michael Fey da Jeff Oxman suka zaɓi guda 100 a 1996 suka ce waɗannan ne manya. Nufinsu sauƙaƙawa. Abin da aka samu shi ne sabon nau'in mutum mai yawo da ɗan littafi a aljihu yana soke abin da ya mallaka da biro, da kuma sabon farashi ga duk kwandalar da ta shiga jerin.

Sai uban tafiyar, wanda da a ƙasar Hausa aka haife shi da wanzami zai zama. Shi tsaga kawai yake so. A gidan buga kuɗi na New Orleans, wani hatimin fuska mai ɗauke da shekarar 1888 ya fara darewa daga baki, ta wajen rubutu, ba a cire shi ba. Tsagar ta ratsa fili, ta hau hancin matar, ta gangara kumatu ta nufi wuya. Amurkawa suna kiran wannan dala mai tabo a fuska, amma duk Bahaushen da ya gan ta zai ce bille ne, kuma na gwanin wanzami. Mutumin namu ba guda ɗaya yake saya ba. Da yake tsaga girma take yi a hankali, masana sun kasa rayuwar hatimin mataki-mataki: lokacin da take kamar silin gashi a bakin kwandala, lokacin da ta kai hanci, lokacin da ta keta kumatu. Shi kuwa sai ya mallaki kowane mataki, ya jera su a tire kamar hotunan yaro daga ranar suna zuwa ranar aure, sai dai nan daga lafiya ne zuwa ajali. Uwargida ta leƙo ta ga dala biyar, shekara ɗaya, gari ɗaya, mace ɗaya, ta tambaya me ya hana guda ta wadatar. Ya gyara zama ya fara bayani. Kafin ya kai hanci ta koma ɗaki.

A gidansa akwai rabin dala ta 1807 wadda tsaga ta taso mata daga haɓa zuwa ƙirji, aka raɗa mata suna mai gemu. Akwai waɗanda gefen hatimi ya ɓalle gaba ɗaya, azurfa ta taru a wurin ta yi ƙullutu ba zane ba rubutu, kuma shi ƙullutun nan ya fi masa kyan gani a kan fuskar matar. Akwai na karo: in inji ya sauko babu faifai a tsakani, hatiman biyu su gwabza da juna, kowanne ya bar wa ɗan'uwansa shaida. Haka aka yi harafin E na rubutun da ke kan kambin matar ya ɓulla a ƙarƙashin wutsiyar gaggafa a wasu dalolin New Orleans na 1886 da 1891.

Ƙaninsa shi ne mai raɗa suna, kuma in za a faɗi gaskiya shi ya fi kowa iya kasuwa. Wata dalar New Orleans ta 1888 an danna mata zane sau biyu ba a daidaita ba, matar ta fito da leɓɓa ninki biyu da haɓa biyu; aka sa mata suna mai zafafan leɓɓa. Ta Carson City ta 1891 tana da ɗan ɗigo a gaban bakin tsuntsuwar, aka ce gaggafa mai tofi. A cikin na 1887 akwai idon kada, akwai wutsiyar jaki. Aibi marar suna yakan kwana a tire shekara da shekaru ba mai tayawa. Ran da aka yanka masa rago, sai a ga mutane na layi.

Mai tsintar dami a kala shi ba ya son a san shi. Yakan shigo kanti da tsohuwar riga da fuskar wanda ya ɓata hanya, ya nemi a ba shi tiren dalolin gama-gari, waɗanda ake sayarwa kusan a kuɗin azurfarsu. Abin da yake nema yana kansa. Misali, gidan buga kuɗi na Carson City ya daina bugu a 1893, aka mayar da ragowar hatimansa Filadelfiya, inda ake ƙera na kowa. Maimakon a zubar, sai aka daddale harafin O, alamar New Orleans, a kan CC, alamar Carson City, aka tura New Orleans, shi ya sa wasu dalolin 1900 ke da inuwar CC a ƙarƙashin O. In ya ci karo da irin wannan a tiren araha, ba ya ko ƙifta ido. Zai ajiye ta gefe, ya haɗa ta da wasu guda uku marasa amfani don ɓad da sawu, ya yi hamma, ya ce, "Yallaɓai, nawa za a bar mini waɗannan? Jikana nake son in ba."

Sai dai kowane gauta ja ne. Tsohon dillali ya san irinsa tun daga takunsa, kuma ba kwandala yake kallo ba, gilashin yake kallo. In gilashi ya wuce numfashi uku a kan dala ɗaya, sai ya miƙo hannu cikin ladabi: "Af, malam, a yi haƙuri, wannan ba ta sayarwa ba ce, yaro ne ya yi kuskure ya sa ta nan." Akwai dillalan da in sun ga an ciro gilashi daga aljihu suke ƙara kuɗin tiren gaba ɗaya.

Sabon shiga kuwa komai gani yake. Ya sayi gilashi jiya, yau ya gano iri bakwai da duniya ba ta sani ba. Ya zo taron wata-wata na masu tarawa yana haki, ya ajiye dala a gaban dattijon da ya fi kowa daɗewa a harkar. Dattijo ya karkata ta a ƙarƙashin fitila, ya ce tsagar hatimi a tashe take, wannan kuwa a lotse take, ƙarzuwa ce. Wataƙila makulli ne ya goge ta a aljihun wani tun kafin a haifi ubansu. Sabon shiga bai yarda ba. Wata mai zuwa zai dawo da wata, wadda haruffanta suka yi kamar biyu-biyu, a sake gaya masa hatimi ne ya yi rawa a cikin inji lokacin bugu, ba a sassaƙar abin yake ba, kuma ba a ƙara ko anini a kansa. A ransa ya riga ya yanke hukunci cewa tsofaffin nan hassada ke damunsu. Mafi yawan gwanayen yau ta nan suka biyo, ko da yake ba sa son a tuna musu.

Wanda ke sa su kuka da hawaye shi ne mai wanki. Galibi magaji ne. Tsoho ya rasu, an buɗe akwati an tarar da dalolin da suka yi duhu saboda daɗewa, shi kuma mutum ne mai tsafta. Ya samo man goge ƙarfe da tsumma ya zauna a kai yini guda, har suka riƙa ɗaukar ido kamar sabon kwano. Washegari ya kai wa dillali yana taƙama. Dillali ya sa gilashi ya ga dubban ƙananan layuka da tsumman ya bari, ya ga asalin sheƙin bugu ya tafi, wanda ba ya dawowa har abada, ya ce sai dai a saya a kuɗin nauyi. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Abin haushin, duhun da ya kankare wani zubin shi ne kuɗin: dalar da ta shekara tamanin jingine da jikin buhu takan ɗauki launin bakan gizo daga sinadarin da ke cikin zanen buhun, kuma akwai masu biyan maƙudan kuɗi a kan launin kaɗai. Daga nan ne aka sami kishiyar mai wanki, wanda ake kira likitan kwandala, mai kulle kansa a ɗaki da farar wuta da zafi yana ƙoƙarin yin aikin shekara tamanin a dare ɗaya.

Don maganin irin waɗannan likitoci da musun daraja aka kafa kamfanonin tantancewa, PCGS a 1986 da NGC a 1987. Suna duba kwandala, su ba ta maki a ma'aunin 1 zuwa 70 wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949, su rufe ta ruf a cikin ɗan akwatin roba. Nan ma wani mutum ya tsiro, mai sayen roba. Shi bai taɓa jin sanyin azurfa a tafin hannunsa ba, kuma in an rufe takardar da ke saman akwatin ba zai iya bambance 63 da 65 ba, alhali a wasu shekarun tazarar maki ɗaya tak na iya ninka farashi sau da yawa. In ya ji a jikinsa an rage wa dalarsa maki, sai ya fasa akwatin ya sake aikawa, ya biya kuɗin dubawa, ta dawo da makin jiya, ya sake fasawa. A duk cikin jama'ar nan shi kaɗai ne tsagar da ta dame shi ta roba ce.

Akwai wasu da ke kallon duk mutanen Morgan a matsayin yara. Su ne 'yan rabin dala ta 1807 zuwa 1836, kuma sun san halinsu, don da bakinsu suka sa wa ƙungiyarsu suna Bust Half Nut Club, wato kulob ɗin waɗanda rabin dala ta zautar. A zamanin da aka buga kwandalolinsu babu injin bugu mai aiki da tururi a Filadelfiya, sai a 1836 ya zo. Ƙarti ne ke murɗa dunƙulen ƙarfe da ƙarfin damtse. Kowane tauraro, kowane harafi, kowace lamba da hannu ake daddale su a jikin hatimi, don haka babu hatimi biyu masu kama ɗaya. Wani 3 ɗinsa a karye, wani an yi masa faci, wani an buga 20 a inda ya kamata a buga 50 aka dawo aka gyara a kai.

Harshensu kuwa na ɗaurin aure ne, ba da wasa ba. In an haɗa hatimin fuska kaza da na baya kaza, a bakinsu aure ke nan. Al Overton ya tattara aurarrakin a littafinsa na 1967, kuma waɗanda aka sani sun kai kimanin 450. Hatimi guda kan yi aure biyu ko uku; wani a raba shi da abokin zamansa, a haɗa shi da wani, daga baya a maido shi gidan farko, don haka har kome suna da shi a lissafi. Da tsaga suke gane wane aure ya riga wane. In hatimin baya ya fito lafiya lau tare da fuskar wata shekara, sannan ya fito a tsage tare da fuskar shekarar da ta gabace ta, to asiri ya tonu: an buga mai tsohuwar shekarar ne daga baya, da ragowar hatimin da aka ciro daga kabad. Nan ne wasan ya zama ilimi, domin abin da takardun gwamnati ba su rubuta ba, ƙarfe ya rubuta. Ba a shiga kulob ɗin sai mutum ya mallaki aure 100 daban-daban. Mai 99 yana nan a waje yana zawarci.

Burinsu duka ita ce ta 1817 wadda aka buga 7 a kan 4. Hatiminta ya dare da wuri aka jefar, shi ya sa waɗanda aka sani a duniya kimanin 11 ne kacal. A 2005 wani ɗan kwangila a jihar New York yana baje ƙasar cike da manjagara, sai ga guda ta fito. Aka yi gwanjonta a 2006 a kan dala 253,000. Mutumin bai taɓa shiga kulob ba, bai san aure ko ɗaya ba.

Mai ɓoyo ba ya ƙirga gashi, ba ya haddar lamba, buhu yake ƙirgawa. Sarkinsu shi ne LaVere Redfield na garin Reno a jihar Nevada, attajiri mai yawo da tufafin leburori, wanda bai yarda da banki ba, bai yarda da kuɗin takarda ba. Yakan sayi dalolin azurfa buhu-buhu ya zurara su ɗakin ƙarƙashin gidansa. Da ya rasu a 1974 aka tarar da fiye da 400,000, aka sayar da su a dunƙule a 1976 a kan dala miliyan 7.3. Irin wannan ɓoyo shi ne abin da ke hana masu tarawa barci, domin ba wanda ya san abin da ke cikin rumbun da ba a buɗe ba. Kafin ƙarshen 1962, dalar New Orleans ta 1903 wadda ba ta taɓa shiga hannu ba tana cikin mafi wuyar samu, ana yi mata kuɗi dala 1,500. Sai gwamnati ta buɗe wani rumbu a Filadelfiya da ya daɗe a rufe, ga su nan buhu-buhu. Cikin ɗan lokaci ta faɗo ƙasa da dala 50. Wanda ya sayi tasa a farkon shekarar, a bar shi da abin da ke ransa.

Akwai kuma waɗanda ƙaramin O ya yi wa rana. Shekara da shekaru ana ji da wasu dalolin 1896, 1900 da 1902 masu ɗauke da harafin O ɗan mitsitsi, an ba su lamba a kundi, an rufe su a roba, an saya da tsada. A 2005 masu tantancewa suka lura cewa shekarun uku duk suna da ƙananan tabbai iri ɗaya a wuri ɗaya a baya, tabban da aka kwafo daga jikin wata dala guda. Ashe jabu ne, na tun zamanin da, kuma da azurfar gaske aka yi su, don a lokacin azurfar da ke cikin dala ba ta kai dala ba, mai bugun ɓoye yana cin ribar tsakani. Wani zai zaci daga nan an watsar da su. Ina! Aka buɗe musu babi na kansu, aka ci gaba da ba su lamba, yanzu akwai masu tara jabun zalla, suna musu a kan hatiman ɓarawon da ba wanda ya san sunansa.

Duk wannan hayaniya, mai sikeli yana gefe yana jira. Shi a wajensa kowace dalar Morgan giram 24 ce ta tsantsar azurfa, mai bille da marar bille. A Janairun 1980, da farashin azurfa ya doshi dala 50 kowace oza, mutane suka yi layi a ƙofar irinsa da akwatunan kakanninsu, tukunyar narki ba ta tambayi lambar kowa ba.

Bahaushen da ke dariyar mutanen nan ya dakata tukuna, don shi ma yana da tsohuwar hulɗa da azurfa mai kan mace. Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya ta rasu a 1780, amma har yau ana buga kwandalarta da shekarar 1780, saboda 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da Sudan ita suka sani, ita suka yarda da ita. Ta ratso Sahara ta shigo ƙasar Hausa da Barno, ita ce liyari. Lokacin da Baturen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851 ana canjin guda a kan wuri 2,500. An buga ta a Biyana, an buga ta a Rum da Landan da Faris da Bombay, duk da shekara ɗaya a jiki, kuma masu tarawa na Turai suna bambance su ne da adadin 'yan duwatsun ado a kambin sarauniya da maɓallin kafaɗarta, da kuma, ba shakka, gashin wutsiyar gaggafa. Bayanta aka yi sulallan azurfa na Afirka ta Yamma masu hoton kwakwar manja, daga 1913 zuwa 1920, wasu da ɗan harafin H na wani kamfanin Birmingham, kafin a koma ƙarfe mai ruwan tagulla mutane su ɓoye na azurfar a tukwane. Kalmar dala ma ta zauna daram: a Najeriya ta da sule biyu ce, a Nijar har gobe tamma biyar ce.

Sai dai a nan maƙerin farfaru ne ya gaji mafi yawansu. Wasu sun zama munduwa da zobe, wasu an liƙa musu kunne an zura a tsakiya. Saurayin da ya karanta labarin Amurkawan nan, ya sayi ɗan gilashi, ya tuna akwai liyari a wuyan kakarsa, zai tarar da abin da zai sa mai sayen roba ya suma: an huda, an liƙa, kuma kowace sallah tun kafin a haifi babansa ana dirje ta da toka da lemon tsami har hancin sarauniya ya shafe.

"Hajiya, ɗan ciro mini ita in ƙirga gashin wutsiyar tsuntsun nan."

"Wane tsuntsu kuma? Kai dai angon nan ba ka rabo da neman magana. Matso ka ƙirga daga nan, ba ta sauka daga wuyana."